'Yancin faɗin albarkacin baki da kalaman ƙiyayya a dokar Najeriya

Kalaman ƙiyayya su ne maganganun da ke tunzura jama'a su tsani wani rukuni ko su far masa saboda addininsa ko ƙabilarsa. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi don tsaro, zaman lafiya ko kare haƙƙin wasu.

Najeriya ba ta da doka guda kan wannan laifi. Ƙudurin da Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kai majalisa a 2019, mai tanadin rataya idan kalamai suka jawo asarar rai, bai zama doka ba. A Sakkwato, alal misali, ana dogaro da dokar laifuffuka ta jiha, da ta Shari'a ga Musulmi, sai Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015.

Inda gizo ke saƙa shi ne rarrabe zafin magana da tunzuri. Zambo da habaicin mawaƙan siyasa, ko caccakar gwamna a rediyo, na iya ƙona rai ba tare da sun zama laifi ba. Ma'aunin Rabat na 2012, wanda ƙwararru suka tsara a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya don gane tunzuri, yana duba abu 6: yanayin gari, matsayin mai magana, niyyarsa, lafazinsa, nisan da maganar ta kai, da yiwuwar ta haifar da ɓarna. Kalmar da malami ya furta a kan mumbari ana tsakiyar zaman ɗar-ɗar ta fi nauyi nesa da wadda aka yi a majalisar shayi.

Dokar da lafazinta ya yi faɗi kan koma sandar dukan masu suka. Sashe na 24 na dokar intanet ya hukunta har saƙon da ya "ɓata rai", aka riƙa kama 'yan jarida da shi; Kotun ECOWAS ta ce ya tauye haƙƙi a 2020, aka gyara shi a 2024. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ma ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya zuwa naira miliyan 5 a 2020, Babbar Kotun Tarayya ta ce a 2023 hukumar ba ta da hurumin cin tara.

A kotu, shari'a kan rushe wajen hujja. Saƙon murya na WhatsApp sai an tabbatar da mai shi, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar shaida kan na'urar da aka ciro shi.