Kod ɗin da ke zube a GitHub na kowa ne? Tambayoyi da amsoshi

Ƙannenmu masu koyon rubuta manhaja a nan Abuja, musamman waɗanda suka fara samun ƴan kwangiloli na gina shafin intanet ko manhajar makaranta, su ke yawan yin tambayoyin nan kan kod ɗin da suke gani a GitHub, wato shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu.

Wai mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Manhaja ce da mai ita ya bar kod ɗinta, wato rubutaccen umarnin da aka gina ta da shi, a fili, kowa zai iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Richard Stallman ne ya fara fafutukar da aikin GNU a 1983, sai Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya fitar da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991. Wayar Android ɗin nan da ka sayo a Banex ma Linux ne a ƙarƙashinta.

To tunda kyauta ce, ba sai in kwasa in zuba a aikina ba?

A'a fa, ƙanina, nan ne mutane da yawa ke tafka kuskure. Kod ɗin yana da mai shi, izini kawai ya ba ka, kuma izinin na da sharuɗɗa da ke rubuce a fayil ɗin lasisi. In lasisin MIT ne da sauƙi, yi abin da ka ga dama har ka sayar, amma ka bar sunan mai shi da rubutun lasisin a ciki. Lasisin GPL kuma ba ya wasa, in ka gina manhajarka da kod ɗinsa ka raba wa mutane ko ka sayar musu, to dole kai ma ka ba su kod ɗinka a ƙarƙashin GPL ɗin. Haka ta faru da kamfanin Linksys a 2003, aka gano akwai Linux, wanda ke ƙarƙashin GPL, a na'urarsu ta raba intanet WRT54G, ala tilas suka saki kod ɗin, daga nan OpenWrt, buɗaɗɗiyar manhajar irin waɗannan na'urori, ta samo asali. Wanda ba shi da lasisi kwata-kwata kuwa shi ya fi haɗari, don a doka mai shi bai ba kowa izinin amfani da shi ba, ko da kana ganinsa a fili.

Da gaske ana zuwa kotu kan irin wannan?

Sosai ma. Oracle ya sayi kamfanin Sun mai yaren rubuta manhaja na Java a 2010, a shekarar ya maka Google a kotu kan layukan kod kusan 11,500 da aka kwafa aka sa a Android, yana neman diyyar kusan dala biliyan 9. Sai a Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta raba gardama, alƙalai 6 suka ba Google gaskiya 2 suka ƙi. Google na da kuɗin biyan lauyoyi shekara da shekaru, kai da ke aiki da laftof ɗaya a Kubwa ba ka da su.

Tunda kowa na iya dubawa, ke nan kod ɗin ya fi inganci?

Ba kullum ba. Abin kamar rijiyar burtsatsen unguwa ne, kowa na ɗiban ruwa amma in ta lalace ƴan ƙalilan ke gyarawa. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai wadda sabobi (kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet) masu ɗimbin yawa suka dogara da ita alhali mutane kaɗan ne ke kula da ita, sannan ɓarakar ta zauna kusan shekara 2 ba a lura ba. A Disambar 2021 ma aka gano wata ɓarakar a buɗaɗɗiyar manhajar Log4j. Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce ta xz, manhajar matse fayiloli, a Maris ɗin 2024, wani ya ɗauki shekaru yana taimaka wa aikin har aka yarda da shi, sai ya dasa ƙofar baya, wato hanyar kutse cikin kwamfutocin mutane, a ɓoye, wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya kama shi don kawai ya lura shiga saba na jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Saboda haka kafin ka ɗauko kod ɗin wani, duba yaushe aka taɓa shi na ƙarshe, mutum nawa ke kula da shi, ana amsa ƙorafin da mutane suka rubuta ko an yi watsi da su, akwai gwaje-gwaje ko babu.

Na gina wa wani Alhaji a Wuse manhajar shago, ya biya ni, yanzu kod ɗin nawa ne ko nasa?

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare rubutaccen aiki, kuma ba sai ka yi rajista ba kafin ka samu kariyar, duk da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya (NCC) da ke nan Abuja na karɓar rajista, wadda ke taimakawa wajen kafa hujja. Miƙa wa wani haƙƙin kuma sai a rubuce. Matsalar ita ce yawancin cinikinmu da baki ake yi, Alhaji na ganin tunda ya biya komai nasa ne, kai kuma kana shirin sayar wa shago na gaba irin manhajar. Ku zauna tun kafin a fara ku rubuta ko da shafi ɗaya ne, wa ke da kod ɗin, za ka iya sake amfani da shi ko a'a, wa zai riƙa gyara kuma nawa ne. Ka lissafa masa buɗaɗɗun manhajojin da ka sa a ciki da lasisinsu, don waɗannan ba naka ba ne balle ka miƙa masa. In kwangilar ma'aikatar gwamnati ce kuwa, nemi lauya ya karanta takardar kafin ka sa hannu.