Japandi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Salon Shirya Ɗaki na Japan da Sikandinebiya

Mene ne Japandi?

Suna ne da aka ƙera daga Japan da Sikandinebiya, yankin Danmak da Suwidin da Norwe. Salon shirya ɗaki ne da kaya kaɗan masu ƙarko, na katako da gora da yumɓu da lilin, cikin launuka masu sanyi kamar ruwan madara, ruwan toka da ruwan ƙasa.

Ina Japan ina Danmak, yaya aka yi suka haɗu?

Japan ta rufe ƙofarta ga yawancin baƙi sama da shekara 200, sai a 1854 ta fara buɗewa, kuma a 1867 ta ƙulla yarjejeniya da Danmak. Masu zana kujeru na Danmak sun daɗe suna sha'awar kafintocin Japan, masu haɗa katako da katako ba ƙusa.

Sai dai kowa da dalilinsa na son irin wannan salo. A Stockholm, babban birnin Suwidin, hasken rana a watan Disamba awa 6 ne da ɗan wani abu, shi ya sa mutanen yankin suke son farin bango da katako mai haske, da abin da 'yan Danmak ke kira hygge, wato zaman jin daɗi cikin ɗumi. Japanawa kuwa suna da wabi-sabi, ganin kyau a abin da ya tsufa ko ya sami tabo. Kwanon tangaran in ya fashe, akan liƙe shi da gam na itace a bi tsagar da garin zinariya, a bar gyaran a fili. Sunan wannan aiki kintsugi.

Me za a gani a irin wannan ɗaki?

Gado ƙasa-ƙasa, gajeren tebur, tabarmar Japanawa da ake kira tatami, tukunyar fure ɗaya, da fitilar takarda irin wadda mai sassaƙa Isamu Noguchi ya fara ƙerawa a garin Gifu na Japan a 1951. Sauran fili ne, kuma da gangan aka bar shi.

Ashe dai salon mai ƙaramin ƙarfi ne?

Ko kusa. Wanda ya saba da jeren ɗakin amarya, kabet cike da kwanuka, zai shiga ya ce ba a gama kawo kaya ba. Amma kujera ɗaya ta katakon gaske, aikin hannu, tana iya cin kuɗin saitin kushin guda.

Zai yiwu a ƙasa mai zafi da ƙura?

Zai yiwu, har ma kaya kaɗan sun fi sauƙin shara da samun iska. Tabarmar kaba, tulu da ƙwarya mai zane duk za su zauna daram. Farin yadin kujera da fitilar takarda ne ban ba da shawara ba, don ƙurar hunturu ba za ta bar su su yi mako da haskensu ba. Katakon kuma a sa masa maganin gara tun kafin ya shiga ɗaki.