Zanen yara da darasin sauyin yanayi a makarantun Zariya

Me ya haɗa zane da darasin sauyin yanayi?

Ɗan aji huɗu ba zai gane maganar hayaƙin masana'antu da ke tare zafi a sama ba, ko sau nawa aka karanta masa. Amma miƙa masa fensir, ka ce ya zana gonar babansa a shekarar da damina ta makara. Za ka ga ganyen masara ya nannaɗe, ƙasa ta dare. Daga nan malami ya samu ƙofar shiga, sai ya kawo musu zanen yaran wasu ƙasashe su kwatanta da nasu.

To ina ruwan ɗan Zariya da zanen yaran wasu ƙasashe?

Ai nan darasin yake. Yaron arewacin Turai zai iya zana ƙanƙara tana narkewa. Na Pakistan zai zana gida cikin ruwa, don ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33 a can. Na tsibiran Maldibis zai zana teku tana cin gaɓa. Ɗan Baga kuwa kwalekwale zai zana a kan busasshiyar ƙasa, tunda Tafkin Chadi ya ja baya ƙwarai daga shekarun 1960. A jera su a bango, a sa zanen kogin Kubanni na ɗalibinmu a tsakiya, a tambayi yara: me ya haɗa waɗannan?

Ni a ganina, nasu ya kamata su fara zanawa kafin su ga na waje. In aka fara da na waje, sai su ɗauka matsalar ta Turawa ce. A manyan azuzuwa a ƙara musu da cewa Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, kuma a 2015 ƙasashe sun amince a Faris su yi ƙoƙarin hana ƙaruwar zafi wuce digiri 1.5.

Ina za a samo zanen?

Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shafe shekaru a baya tana shirya gasar zanen yara, kuma akwai irin waɗannan hotuna a intanet. Wayar malami ta isa.

Idan iyaye ba sa son zanen abu mai rai fa?

A mutunta ra'ayinsu. Bishiya, rijiya, hadari da gona sun wadatar. Zayyanar da ke bangon fadar Sarkin Zazzau ma ta ishi yaro koyon layi da launi.

Makarantar da ba ta da kuɗin fenti fa?

Gawayi, jar ƙasa, shuni da bayan kwali sun isa a fara. Kuma garin nan ba baƙon zane ba ne: a nan su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Shugaban makaranta zai iya neman ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru su zo su zauna da yara ko sau ɗaya a zango.