Robar gindin bindiga: ga amsoshin, a karanta kafin a sake tambayata

Duk shekara da an gama girbi maharba sun fara shirin shiga daji, sai a yi ta kawo mini bindigogi a sa musu roba a gindin ƙota, kuma tambayoyin su ne dai na bara. Na tara su wuri guda.

Me robar take yi?

Bindiga tana shuri in an harba. Roba ba ta rage ƙarfin da ke fitowa daga bindigar. Tana shanye dukan a hankali ne, ta baza shi a kafaɗa, maimakon ya sauka lokaci guda kamar guduma.

Sai na cire harsashi kafin in fara?

Abin yana ɓata mini rai da har yanzu ana wannan tambayar. Cire. Buɗe bindigar ka leƙa da idonka, ka kai harsasan wani ɗaki. In ta toka ce da ake ɗurawa ta baki, zura sandar ɗuri ka auna, don albarushi yakan shekara a ciki mai ita ya manta.

In yanko tsohuwar taya ko silifas fa?

Taya ta yi tauri, da ita da katako kusan duk ɗaya a kafaɗa. Silifas kuwa yana lotsewa ya zama faifai bayan ɗan lokaci, ga shi kan ƙusa yana ɓullowa ta cikinsa ya soke ka. In babu hali, silifas ya fi babu, amma ka nutsar da kan ƙusar sosai.

Wacce zan saya?

Iri uku ne: wadda ake zurawa kamar safa, wadda aka yi daidai da ƙotar wata bindiga ta musamman sai ɗaurawa kawai, da wadda take zuwa da girma a goge ta har ta yi daidai. Sanannun sunaye su ne Pachmayr, LimbSaver da Kick-Eez, duk na Amurka. In tsohuwar mai baki biyu gare ka, ta ukun za ka nema. Zana gindin ƙotar a takarda ka tafi da shi. Kada ka ɗauko babba ƙwarai don kana ganin ai gogewa za a yi: akwai faranti mai tauri a cikin da yawansu, in ka ci roba da yawa sai ya leƙo ta gefe.

Dole ne a yanke ƙotar?

To, nan ne ba ni da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya bai ga jikinka da bindigarka ba.

Abin da ake aunawa shi ne tsawo daga kunama zuwa tsakiyar gindin ƙota. Yawancin bindigogin harbin tsuntsu da masana'anta ke fitarwa suna kusa da inci 14, wasu har 14 da rabi. Roba mai kyau takan kai kaurin inci 1, farantin gindin ƙota da za ka cire kuwa da ƙyar ya wuce rubu'in inci. Ke nan in ka ɗaura ba yanka, ka ƙara wajen inci uku bisa huɗu. Dogon mutum mai dogon hannu wataƙila hakan ma ya fi masa. Gajere kuwa gindin zai riƙa maƙalewa a hammata duk sanda ya ɗaga, kafin ya daidaita zabuwa ta tashi.

Akwai gwajin da kowa ya sani, a ɗora gindin a lanƙwasar gwiwar hannu a ga ko yatsa ya kai kunama. Yana ba da haske kaɗan, amma ban yarda a yanke katako a kansa ba. Wanda na fi amincewa da shi: ɗaga bindigar yadda kake yi a daji, kunci a kan ƙota, wani ya duba tsakanin hancinka da babban yatsan hannun da ke riƙe. Faɗin yatsu biyu ya yi. In ya gaza haka, yatsan zai bugi hancinka ranar harbi. In ya wuce sosai, ƙotar ta yi maka tsawo.

Shi ma wannan da sharaɗi. Da wace riga ka gwada? Mai shiga daji da hunturu cikin rigar farauta mai kauri, ga layu a kafaɗa, ba zai auna da singileti ba. Sa rigar da kake fita da ita. Ni shawarata, a fara manna robar da salatif ba tare da yanka ba, ka yi kwana biyu kana ɗagawa kana saukewa, sannan mu yi magana.

In ya tabbata sai an yanke, a bi karkatar da gindin yake da ita tun asali, kada a miƙe ta, domin ita ke sa ƙota ta kwanta a kafaɗa. A naɗe wurin da salatif, a tsaga layin da wuƙa mai kaifi, a yi amfani da zarto mai ƙananan haƙora don kada katakon ya ɓantare. A rage kaɗan, a gwada, a ƙara. Kuma a leƙa cikin ƙotar tukuna: wasu masu ɗura kansu akwai bututun sifirin a ciki, ƙotar roba kuwa sau da yawa holoƙo ce, in ka yanke babu inda ƙusa za ta kama. Bindigar gado ko mai daraja, ni ba na yanke ta. Mai zurawa kamar safa ta ishe ta.

Ban ga ramin ƙusa a jikin robar ba.

Yana nan. Tura ƙusa ta baya, inda robar ta kumbura ka tsaga kaɗan da reza. Shafa sabulu a sukundireba kafin ka zura, in ka zare wurin zai rufe.

Tsofaffin ramukan ba su yi daidai da sababbin ba.

Ba su cika yin daidai ba. Toshe su da tsinken katako da gam, ya bushe, ka huda sababbi da ƙaramin bakin diril. Kada ka tura ƙusa cikin busasshen katako ba huda, zai tsage. Ka kuma shafa wa inda aka yanke mai ko fenti, don nan damina take shiga.

Ina tsoron gogewar, kada in ɓata katakon.

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, kowa da wannan tsoron ya fara. Ɗaura robar, zana gefen ƙotar a bayanta da tsinin allura, kwance ta, ka goge a waje har kusa da layin. Ta ƙasa ka bi gangarar ƙotar, kada ka datse ta a tsaye, yana muni. In robar mai laushi ce tana yagewa, sa ta a firiza ta ɗan sandare. Sai ka mayar, ka naɗe katakon da salatif ninki biyu, ka ƙarasa da samfefa da hannu.

Na sa roba, kafaɗa tana ciwo har yanzu.

Yaya kake riƙewa? In ka bar tazara tsakanin gindi da kafaɗa, bindigar tana samun wurin zabura kafin ta doke ka. Matse ta. Sannan duba harsashinka: mai ƙwayoyin dalma giram 36 a bindiga mara nauyi zai dake ka ko da wace roba. Koma mai 28 ko 32.

Ana buƙatar izini?

Bindigar kanta ke buƙatar lasisi, a Najeriya ƙarƙashin dokar makamai ta 1959. In babu takarda, kada ka kawo mini ita.