Zaɓen Rabin Wa'adi a Amurka: Tushensa a Doka da Tarihinsa a Majalisar Wakilai

Duk wanda ya hau kujerar shugabancin Amurka ya san cewa kafin ya cika shekara biyu a kan mulki za a sake kiran jama'a rumfunan zaɓe, kuma ko da yake sunansa ba ya kan takardar ƙuri'a, shi ne za a yi wa hisabi. Wannan shi ne zaɓen rabin wa'adi, wanda a cikinsa ake sabunta dukkan kujeru 435 na Majalisar Wakilai, da kusan kashi ɗaya cikin uku na kujerun Majalisar Dattawa, da kuma gwamnonin jihohi 36. Kundin tsarin mulkin ƙasar bai keɓe wa wannan zaɓe wani sashe ba, bai ma ambace shi da suna ba. Ya samo asali ne daga bambancin wa'adin da kundin ya yanka wa kowane muƙami: shugaban ƙasa shekara huɗu, sanata shekara shida, ɗan majalisar wakilai kuwa shekara biyu kacal. Tun da wa'adin wakili rabin na shugaba ne, ba makawa a sami zaɓe ɗaya a tsakiyar kowane mulki.

Tanadin yana cikin sashe na biyu na babi na farko na kundin da aka rubuta a birnin Filadelfiya a 1787, inda aka ce jama'ar jihohi ne za su riƙa zaɓen wakilansu bayan kowace shekara biyu. Sharuɗɗan takara uku ne: mutum ya kai shekara 25, ya yi shekara bakwai yana ɗan ƙasa, kuma ya kasance mazaunin jihar da zai wakilta. Ba a kai ga shekara biyun nan ba sai da aka kai ruwa rana. Wasu daga cikin mahalarta taron, irin su Elbridge Gerry da Roger Sherman, sun dage a kan a riƙa zaɓe kowace shekara kamar yadda yawancin jihohi suka saba a majalisunsu, domin a ganinsu wakilin da ya daɗe bai koma gida neman ƙuri'a ba zai manta da waɗanda suka aike shi. James Madison kuma ya nemi shekara uku, yana kafa hujja da faɗin ƙasar da wahalar tafiya da lokacin da sabon wakili yake buƙata kafin ya fahimci al'amuran jihohin da ba tasa ba. Aka raba gardama a kan shekara biyu. Muhimmancin wannan matsaya zai ƙara fitowa idan aka tuna cewa a wancan zamani Majalisar Wakilai ce kaɗai ɓangaren gwamnatin tarayya da talaka yake zaɓa da hannunsa, domin majalisun jihohi ne suke naɗa sanatoci har zuwa gyaran kundi na 17 a 1913, shugaban ƙasa kuma wakilan masu zaɓe na jihohi ne suke tabbatar da shi.

An yi zaɓen rabin wa'adi na farko a 1790 da 1791, zamanin George Washington, lokacin da majalisar take da kujeru 65 bisa rabon da kundin ya fara yi. Dalilin da ya sa zaɓe ɗaya ya ratsa shekara biyu shi ne sashe na huɗu na babin ya bar wa majalisar kowace jiha ikon tsayar da lokaci da wuri da yadda za a gudanar da zaɓe, sai dai ya ba majalisar tarayya damar sauya waɗannan ƙa'idoji idan ta ga dama. Saboda haka wata jiha kan yi nata da bazara, wata da kaka, wata ma sai shekara ta zagayo, har sakamakon waɗanda suka riga yin zaɓe ya riƙa tasiri a kan waɗanda suka yi jinkiri. A 1845 majalisa ta tsayar da rana ɗaya don zaɓen shugaban ƙasa, wato Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba, sannan dokar 1872 ta ɗora zaɓen wakilai a kan wannan rana. Lissafin manoma ne aka yi: a farkon Nuwamba an gama girbi, hunturu bai tsananta ba, kuma mutumin da yake nesa da rumfar zaɓe zai iya yin ibadarsa ran Lahadi, ya kama hanya ran Litinin, ya kaɗa ƙuri'a ran Talata. Duk da haka jihar Maine ta ci gaba da yin zaɓenta a watan Satumba har zuwa 1958.

Akwai wata matsalar lokaci da ta daɗe tana rage wa wannan zaɓe kaifi. Kafin 1933, wa'adin sabuwar majalisa yana farawa ne ranar 4 ga Maris, amma a bisa al'ada ba ta zama sai Disamba, wato wata goma sha uku bayan zaɓe, alhali waɗanda aka kayar suna ci gaba da yin doka har tsawon wata huɗu. Gyaran kundi na 20 ne ya dawo da ranar kama aiki zuwa 3 ga Janairu, kuma daga nan ne hukuncin masu zaɓe ya fara aiki cikin wata biyu.

Abin da tarihi ya fi nunawa a fili shi ne jam'iyyar shugaban ƙasa kusan kullum ita take kwana a ciki. Tun daga yaƙin basasar ƙasar, sau uku ne kawai ta ƙara ƙarfi a Majalisar Wakilai a irin wannan zaɓe: a 1934 lokacin da jama'a suka mara wa Franklin Roosevelt baya kan matakan farfaɗo da tattalin arziki, a 1998 lokacin da yunƙurin tsige Bill Clinton ya juya wa 'yan adawa na jam'iyyar Republican, har ta kai kakakin majalisa Newt Gingrich ya ajiye muƙaminsa, sai kuma 2002, shekara guda bayan harin 11 ga Satumba, zamanin George W. Bush. Masana siyasa suna danganta wannan da abubuwa biyu. Na farko, masu zaɓen da farin jinin ɗan takarar shugabanci ya janyo su rumfa ba sa dawowa idan babu shi. Na biyu, wanda yake fushi ya fi wanda ya gamsu saurin fitowa, ga shi kuma duk tsadar rayuwa ko yaƙin da ya ƙi ƙarewa a wuyan mai mulki ake rataya shi.

A ganina babu zaɓen rabin wa'adin da ya kai na 1866 da na 1874 nauyi, domin su ne suka yanke makomar bayin da aka 'yanta. Bayan kashe Abraham Lincoln a 1865, magajinsa Andrew Johnson ya so a mayar da jihohin kudu cikin tarayya ba tare da an tilasta musu kare haƙƙin baƙaƙen fata ba, ya kuma hau kujerar na-ƙi a kan dokokin da majalisa ta zartar don wannan manufa. Ya zagaya ƙasa da jirgin ƙasa yana yi wa abokan hamayyarsa yarfe, amma jama'ar arewa suka ba 'yan Republican rinjayen da ya haura kashi biyu cikin uku, wanda shi ne adadin da kundi ya gindaya don a tsallake ƙin amincewar shugaba. Da wannan ƙarfi suka kafa dokokin sake gina kudu a 1867, suka ba maza baƙaƙen fata na yankin damar zaɓe, sannan a 1868 Majalisar Wakilai ta tuhumi Johnson, ya tsira a Majalisar Dattawa da ƙuri'a ɗaya tak. Shekara takwas bayan wancan zaɓe sai reshe ya juya da mujiya. Karayar tattalin arzikin 1873 da zarge-zargen cin hanci a gwamnatin Ulysses Grant suka sa 'yan Democrat suka karɓe majalisar a 1874, karo na farko tun kafin yaƙi, kuma da yake kuɗin soja daga hannun majalisar yake fitowa, kariyar da tarayya take ba baƙaƙen fatar kudu ta fara janyewa har ta ƙare a 1877. Abin takaici ne ƙwarai cewa miliyoyin mutane sun jira har zuwa dokar haƙƙin zaɓe ta 1965 kafin ƙuri'arsu ta dawo musu da gaske. Zaɓen da ya buɗe ƙofa shi ne irin wanda ya rufe ta, kuma wannan ya isa ya nuna cewa tsarin yana ba masu rinjaye murya ne, bai yi alkawarin za su yi adalci ba.

Mafi girman kaye a tarihin majalisar shi ne na 1894, inda 'yan Democrat na Grover Cleveland suka rasa kujeru sama da 100 bayan karayar tattalin arzikin 1893. A 1938 Roosevelt, wanda jam'iyyarsa ta ƙara kujeru shekara huɗu kafin nan, ya rasa sama da 70. A 1954 'yan Democrat suka karɓi majalisar suka riƙe ta shekara 40 cur, har sai da 'yan Republican suka ƙara kujeru 54 a 1994. Yaƙin Iraƙi ya taimaka wajen mayar da ita hannun 'yan Democrat a 2006, abin da ya sa Nancy Pelosi ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin kakaki, sai kuma 2010 da jam'iyyar Barack Obama ta rasa kujeru 63.

Dalilin da ya sa waɗannan alƙaluma suke hana shugabanni barci yana cikin ikon da doka ta ba majalisar. Jam'iyyar da ta sami kujeru 218 ita take zaɓen kakaki, wanda shi ne na biyu a layin gadon mulki bayan mataimakin shugaba, ita kuma take shugabantar dukkan kwamitoci masu ikon aika sammaci da binciken ministoci. Duk ƙudurin haraji dole daga wannan majalisa zai fara, gwamnati ba ta kashe ko kwabo sai da amincewar majalisun biyu, kuma ita kaɗai ce take da ikon tuhumar shugaba. An ga wannan a aikace: majalisar da aka zaɓa a 1994 ta yi taƙaddamar kasafin kuɗi da Clinton har ma'aikatun gwamnati suka rufe a ƙarshen 1995 da farkon 1996, wadda aka zaɓa a 2018 kuma ita ta tuhumi Donald Trump a Disambar 2019.

Mai karatu a Najeriya zai lura da bambanci a nan. Ƙasar ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka tun 1979, amma ba ta ɗauki wannan ɓangare ba, domin wakilanta 360 shekara huɗu suke yi kuma tare da shugaban ƙasa ake zaɓensu. Meziko da Filifin da Ajantina kuwa suna da nasu zaɓen na tsakiyar wa'adi, kuma a irinsa ne jam'iyyar PRI ta rasa rinjaye a majalisar wakilan Meziko a 1997 bayan shekaru kusan 70 tana mulki.

Sai dai ƙarfin wannan zaɓe a Amurka ya dogara ne ga yadda aka shata mazaɓu, kuma a nan ne raunin yake. Ana raba kujeru tsakanin jihohi bisa ƙidayar jama'a da ake yi bayan kowace shekara goma. Dokar 1911 ce ta kai adadin zuwa 435, ta 1929 kuma ta daskarar da shi, shi ya sa a yau wakili ɗaya yake ɗauke da mutum kimanin 760,000, California tana da kujeru 52 yayin da Wyoming da Alaska da Vermont suke da ɗai-ɗai. A 1964 Kotun Ƙoli ta duba wata ƙara daga jihar Georgia, inda mazaɓar birnin Atlanta take da mutum sama da 800,000 alhali wata mazaɓar karkara ba ta kai 300,000 ba, ta yanke hukuncin cewa dole mazaɓun jiha su yi daidai a yawan jama'a. Dokar 1967 kuma ta wajabta wakili ɗaya ga kowace mazaɓa. Amma a yawancin jihohi 'yan siyasar majalisar jiha ne suke zana taswira, kuma suna iya cusa magoya bayan abokan hamayya cikin mazaɓu kaɗan su warwatsa sauran, ba tare da sun saɓa ƙa'idar yawan jama'a ba. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga ƙorafin zana mazaɓu don fifita jam'iyya. Ina ganin wannan hukunci ya bar babban giɓi, domin idan aka riga aka san wanda zai ci kafin a buɗe rumfa, hisabin da Sherman da Gerry suka yi wa fafutika ya rage ga mazaɓu ƙalilan.

Fitowar jama'a ma tana hawa tana sauka. A 2014 kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka cancanta suka kaɗa ƙuri'a, adadi mafi ƙanƙanta tun 1942, amma a 2018 aka kai kusan rabi, wanda rabon da a ga irinsa tun 1914. A 2022 'yan Republican sun karɓi majalisar da kujeru 222, 'yan Democrat na da 213, tazarar da ta yi ƙanƙanta har sai da aka kaɗa ƙuri'a zagaye 15 kafin Kevin McCarthy ya zama kakaki, aka kuma cire shi a watan Oktoban 2023.

An taɓa yunƙurin kawar da zaɓen rabin wa'adi daga Majalisar Wakilai ɗungurungum. A Janairun 1966 shugaba Lyndon Johnson ya nemi a gyara kundi a mayar da wa'adin wakilai shekara huɗu, a riƙa zaɓensu tare da shugaba, bisa hujjar cewa wakili ba ya gama zama a kujerarsa yake fara neman kuɗin kamfe na gaba. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma masu suka sun ce hakan zai mayar da majalisa 'yar amshin shatan fadar shugaba, kuma shawarar ta mutu a kwamiti. A watan Nuwamban wannan shekarar jam'iyyarsa ta rasa kujeru 47. Gyaran kundi yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50, saboda haka wa'adin shekara biyu yana nan yadda aka rubuta shi a 1787. A 2026 ranar zaɓen ta faɗo 3 ga Nuwamba, waɗanda suka yi nasara kuma wa'adinsu zai fara ranar 3 ga Janairun 2027.