'Yar Saifa a Wutsiyar Fankiriyas

'Yar saifa wani ɗan dunƙulen naman saifa ne da ke zaune daban, a ware da uwar saifa. Ba cuta ba ce, da ita ake haihuwar mutum. Tun ciki na da kamar mako biyar saifa ke soma tsirowa a matsayin ƙananan dunƙulalluka da suke haɗewa su zama gaɓa guda, wanda ya ƙi haɗewa shi ke zama 'yar saifa. Aƙalla mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ita bai sani ba. Galibi takan zauna a bakin saifa, inda jijiyoyin jini ke shiga, sai kuma wutsiyar fankiriyas. Wani bincike da aka buga a 1959 kan gawarwaki 3,000 ya gano 'yan saifa 364, kuma 61 daga ciki a wutsiyar fankiriyas suke.

Akwai ruɗani a kan sunan. Mutane da dama kan kira fankiriyas da saifa, alhali gaɓoɓi biyu ne. Saifa ita ce jar tsokar nan mai duhu da mahauci ke cirowa a kayan cikin rago, aikinta tace jini da yaƙar ƙwayoyin cuta. Fankiriyas kuwa a bayan tumbi yake kwance, shi ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, da ruwan narkar da abinci, kuma ƙarshen wutsiyarsa na taɓa bakin saifa. Wannan maƙwabtaka ce ta jawo matsalar: 'yar saifa kan zauna a wutsiyar fankiriyas, a ɗauke ta ƙari ne.

Yadda ake karo da ita

Ba ta ciwo, don haka ba a zuwa nemanta. A ce wata mata ce daga ƙauyukan Ringim ko Gumel da ke fama da ciwon ciki na wani dalili daban. An yi mata sikanin a asibitin ƙaramar hukuma, aka tura ta Kano yin hoton CT, sai ga ɗan abu kewayayye, girmansa tsakanin ƙwayar gyaɗa da goro, a ƙarshen wutsiyar fankiriyas, jini na kwarara cikinsa sosai. Haka wani nau'in ƙari da ke tsirowa daga ƙwayoyin samar da sinadarai na fankiriyas yake fitowa a hoto, haka ma kansar ƙoda da ta yaɗu zuwa wurin. Da kalmar ƙari ta fita daga bakin likita, dangi sun soma lissafin tunkiya ko buhun riɗin da za a kai kasuwa.

Amma kama da wane ba ta wane. Idan aka ɗauki 'yar saifa a matsayin ƙari, tiyatar da za a yi ita ce yanke wutsiyar fankiriyas, sau da yawa har da cire uwar saifar. Bayan haka ruwan fankiriyas na iya yoyo a cikin ciki, ciwon suga na iya biyo baya. Wanda ba shi da saifa kuwa, zazzaɓin cizon sauro da wasu cututtukan jini sun fi yi masa mugun kamu, abin da ba ƙarami ba ne ga mazaunin fadamun Haɗeja a damina.

Hanyoyin tantancewa

Ƙa'idar guda ce: a kwatanta dunƙulen da saifar mai shi a cikin hoto ɗaya. A CT ana ɗura wa mutum ruwan rini ta jijiya, a ɗauki hoto a matakai. 'Yar saifa na yin haske da dusashewa daidai da uwarta a kowane mataki. A daƙiƙun farko, jini na ratsa naman saifa da gudu iri-iri, sai ta fito roɗi-roɗi kafin launinta ya daidaita. Ganin wannan zane a cikin dunƙulen alama ce mai ƙarfi, ko da yake a ƙananan sosai ba ya fitowa. A MRI ma haka ne, duk salon hoton da aka gwada launinsu ɗaya. Gaskiyar magana, yawancin kuskure ba daga na'ura yake ba, daga rashin tunawa da 'yar saifa ne tun farko.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne na nukiliya. Ana ɗiban jinin mutum, a haɗa jajayen ƙwayoyinsa da sinadarin teknishiyam-99m, a dumama su zuwa ma'aunin zafi 49.5 na kimanin minti 20 don su ɗan lalace, sannan a mayar da su jiki. Tunda aikin saifa ne kama ƙwayoyin jinin da suka lalace, duk inda namanta yake sai ya haska, ƙari kuwa ba ya kama su. Sai dai ƙarfin sinadarin na raguwa da rabi duk awa 6, daga waje ake shigo da na'urar tatsarsa, kuma sanannun cibiyoyin wannan aiki a Najeriya su ne Asibitin Koyarwa na Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja. Ga ɗan karkarar Jigawa, CT ko MRI da aka karanta da kyau shi ne abin da hannu ya fi kaiwa.

Akwai tarko ɗaya. Hoton PET, wani gwajin nukiliya da ake yi da sinadarin galiyam-68 don farautar wancan ƙari na fankiriyas, yana haska saifa ma ƙwarai, saboda haka yana iya ƙara tabbatar da kuskure maimakon warware shi.

In shakka ta ƙi gushewa, ana zura bututu mai sikanin a baki zuwa tumbi, a soki dunƙulen da siririyar allura a ɗebo ɗan namansa. A ɗakin gwaji, wani rini na musamman mai suna CD8 na fito da bangon hanyoyin jinin da saifa kaɗai ke da irinsu. Da an tabbatar, ba magani ba tiyata.

Inda ƙa'idar ke tuntuɓe

A jikin mai sikila saifa kan ƙanƙance tun yarinta, sai a rasa abin kwatantawa. Wanda aka cire wa saifa kuwa, 'yar da aka bari na iya girma ta karɓi aikin uwarta, har cutar jinin da ta sa aka yi tiyatar ta dawo. Wanda saifarsa ta fashe a haɗarin babur ko mota, ɓurɓushinta kan manne a wurare daban-daban cikin ciki ya tsiro, shekaru bayan nan a ɗauka kansa ce ta bazu, shi ya sa likitan hoto ke tambayar labarin tsohon tabon da ke cikin mutum. Nadiran kuma wata jakar ruwa kan fito a cikin 'yar saifar kanta, ta ɓata kamanninta, har ma ta ɗaga ma'aunin CA 19-9 a jini, wato sinadarin da ake aunawa in ana zargin kansar fankiriyas. Irin wannan yawanci sai bayan an cire ta ake gane ko mece ce.