Waiwaye: Ƙofar ɗaki da dokokin gidajen kula da tsofaffi a Birtaniya

Da asubahin 31 ga Janairun 2004 gobara ta tashi a wani ɗan ɗakin ajiya da ke gidan kula da tsofaffi na Rosepark, a garin Uddingston kusa da Glasgow. Wutar ba ta jima tana ci ba, hayaƙi ne ya yi ɓarnar. Tsofaffi 14 suka rasu. Binciken kotu da ya fito a 2011 ya nuna matsalar wayar lantarki ce mafari, ma'aikata kuma sun ɓata minti tara suna neman inda wutar take kafin su kira 'yan kwana-kwana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙofofi. Da yawan ɗakunan kwana a buɗe suke, domin tsofaffin ba sa son a rufe su da dare, har an kwance wa wasu ƙofofin ƙarfen da ke mayar da su su rufe da kansu. An so a kyautata musu ne, sai hayaƙi ya samu hanya.

Duk wanda ya bi tarihin waɗannan gidaje zai ga a bakin ƙofar nan rigimar take: wa ke da ikon rufe ta, wa ke da ikon buɗewa.

A da can babu ma ƙofar. Dokar matalauta ta 1834 ta tara gajiyayyu da marayu da marasa galihu a manyan gidajen aikin dole, inda ake raba miji da matarsa, kowa ya kwana a dogon ɗaki mai gadaje jere. Dokar tallafi ta 1948, zamanin ministan lafiya Aneurin Bevan, ta soke wannan tsari, ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da matsuguni ga tsofaffi da masu rauni. Burin shi ne ƙananan gidaje, inda tsoho zai zauna kamar baƙon masauki mai biyan kuɗinsa. Amma ƙasa ce da ta fito daga yaƙi, babu kuɗin gini. Da masanin zamantakewa Peter Townsend ya zagaya gidaje 173, ya wallafa abin da ya gani a 1962, sai ga dubban tsofaffi na nan a waɗancan tsofaffin gine-gine, suna kawai aka sauya. Wani ba shi da ko akwatin da zai kulle kayansa.

Daga 1980 gidaje masu zaman kansu suka yawaita, saboda gwamnati ta fara biya wa marasa ƙarfi kuɗin zama daga asusun tallafi. Aka yi ta sayen tsofaffin gidaje da otal-otal na bakin teku ana mayar da su gidajen kula. Dokar rajista ta 1984 ta biyo baya, sai dai kowace ƙaramar hukuma da nata ma'aunin.

Sai da aka yi dokar 2000 Ingila ta samu ma'auni guda, wanda ya fara aiki a 2002. Abin da ke cikinsa ƙanana ne a ido, amma su ne mutuncin mutum. Ma'aunin na wancan lokaci ya ce ɗakin mutum ɗaya a sabon gini kada ya gaza murabba'in mita 12. Ba a haɗa fiye da mutum biyu a ɗaki, su ma sai da yardarsu, kuma da labule tsakani. A sa wa ƙofa makulli, a ba mai ɗakin mabuɗinsa, amma ya zama ma'aikaci na iya buɗewa daga waje idan larura ta taso. Mutum ya sa tufafinsa na kansa, a kira shi da sunan da ya zaɓa. Masu gidajen suka yi ca, suka ce gyaran gini zai karya su, wasu kuwa suka fara rufewa ana kwashe tsofaffi zuwa wasu wurare. Kafin shekarar 2002 ta ƙare ministan lafiya Alan Milburn ya sassauta: gidajen da ke nan tun da ba dole su faɗaɗa ɗakuna ba. A ganina wannan ne ja da baya mafi girma a tarihin, ko da yake tsoron nasa ba na banza ba ne, don tayar da mai shekara 90 daga inda ya saba shi ma haɗari ne.

Rufaffiyar ƙofa kuma tana da nata sharrin. A 2011 shirin Panorama na BBC ya shigar da ɓoyayyiyar kyamara Winterbourne View, wani asibiti mai zaman kansa kusa da Bristol da ke kula da masu tawayar fahimta. Aka ga ma'aikata na marin su, suna danne su a ƙasa, suna watsa musu ruwan sanyi. Tun kafin nan wani nas ya kai ƙorafi ga CQC, hukumar sa ido kan asibitoci da gidajen kula a Ingila, wadda ta fara aiki a 2009, ba a kula shi ba. An samu ma'aikata 11 da laifi, aka ɗaure shida. Daga nan iyalai suka fara ɓoye kyamara a ɗakunan iyayensu, har CQC ta fitar musu da bayanin yadda za su yi a 2015. To amma ɗakin nan a cikinsa ake yi wa tsohuwa wanka, a sauya mata zane. Idan ruɗewar tsufa ta kama ta, ba ta iya cewa na yarda ko ban yarda ba, wa zai yanke mata? Har yau ana jayayya a kai.

Akwai kuma ƙofar waje. A 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Cheshire West, ta ce duk wanda ba ya iya yanke wa kansa shawara, yana ƙarƙashin sa ido dare da rana kuma ba shi da damar fita, an tauye masa 'yanci, komai kyawun kulawar, don haka dole a nemi izinin doka. Annobar korona ta 2020 ta kai abin maƙura: aka kulle gidajen ba mai ziyara, alhali ana sallamo marasa lafiya daga asibiti zuwa cikinsu ba tare da gwaji ba, matakin da babbar kotu ta ce a 2022 ya saɓa doka. Tun Afrilun 2024 karɓar baƙi ya shiga cikin ƙa'idojin da CQC ke dubawa.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin tun da aka buɗe bizar masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya a 2022 'yan Najeriya da dama ke aikin dare a gidajen nan. Su ne ke ƙwanƙwasa ƙofa kafin su shiga, su ne tsoho zai roƙa a bar masa ita a buɗe.

Game da gobara, Sikotlan ta wajabta na'urar feshin ruwa a sababbin gidajen kula tun 2005, shekara guda bayan Rosepark. Wales ta bi sahu a 2014. Ingila sai a Maris 2025, ita ma a sababbin gine-gine kawai. Tsofaffin gidajen da aka gyara daga otal-otal, masu ƙuntatattun matakala da dogon lungu, dokar ba ta hau kansu ba.